Muryar Kwarkwaron Ayah

Ulu Tembeling, Pahang

Zuwa ga yayana Abang Long Shaharom, a Perth.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga babban wanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da matarka Kak Zaiton da 'ya'yana Nadhirah da Luƙman. Allah Ya ƙara buɗi a wurin aiki, Ya sauƙaƙa muku sanyin da na ji an ce kuna ciki yanzu, Ya jiƙan mahaifiyarmu Mak, Ya haskaka kabarinta. Kada ka yi mamakin ganin takarda da biro a wannan zamani. Na gwada waya na gaji. In na rubuta maka dogon saƙo, layi biyu kake karantawa ka aiko min da ɗan hoton nan na hannuwa a ɗage, shi ke nan ka sallame ni. Takarda kuwa, ko ka ture ta gefe, tana nan a kan tebur tana jiranka.

Mu nan lafiya gwargwadon hali. Mijina Mat Isa yana ta fama da kwale-kwalensa, injin yau ya tashi gobe ya ƙi, amma baƙi masu zuwa kallon daji ba su yanke ba. Ni ma ina nan da suyar kuih ɗina, 'yan wainar nan da nake kai wa masu shayi da safe. Bishiyar durian ta zubar da 'ya'ya bana har sun rasa mai ɗauka, na tsima su na cika tuluna da tempoyak, ga shi ba mai ci. Mandur, baƙin tsuntsun nan na mahaifinmu Ayah, mai bakin kwaikwayo, yana nan a kejinsa. A saninka dai, tun da Mak ta rasu ya yi gum, ya bar kwaikwayon tarinta, ya bar kukan inji, sai ci da kallon mutane. Labarin Ayah kuma ka ji shi a bakin yayata Kak Ngah Ramlah: ya faɗi a kogi, ƙashin kwatangwalo ya karye, an yi tiyata. Abin da ba ka ji ba shi ne yadda aka yi, kuma shi zan gaya maka, ka so ka ƙi.

Bari in fara da tuna maka kwarkwaron fatsar Ayah, wannan baƙin ƙarfen da yake naɗe zare a gindin sanda, ko da yake kai ka fi ni ganinsa yanzu. Baturen nan da Ayah ya yi shekaru yana tuƙa shi zuwa saman kogi shi ya bar masa, shi ya koya masa yaudarar kifi da gashin kaza a jikin ƙugiya, lokacin da mutanen ƙauye suke yi wa Ayah dariya wai Pak Deraman ya haukace yana yi wa ruwa bulala. Kai ma ka yi dariyar, ban manta ba. Amma ka san muryar abin nan. Mak ba ta taɓa leƙa kogi don ta san halin da mijinta yake ciki ba, kunne kawai take kasawa daga kicin. In ta ji ƙir, ƙir, ƙir a gajarce, ta san yana zaro zare zai wurga. In ta ji ƙirrrr mai tsawo, ta san kifin sebarau ya kama yana gudu da zaren, sai ta taɓe baki ta ce yau ma sakinsa zai yi, ku ɗauko min ƙwai in soya. A cikin wannan ƙarar muka girma, ni da kai da Kak Ngah.

Ranar addu'ar arba'in ɗin Mak kana zaune a kan tabarma, da kunnenka ka ji abin da aka yi. Suga ta riga ta cinye idon Ayah, haske da inuwa kawai yake gani. Kak Ngah ta ce ba za a bar makaho a bakin kogi ba, za ta tafi da shi Kuantan. Ni na tashi na ce hanyar gurbin kogin nan na ƙasan gida a ƙafarsa take, ba a idonsa ba, kuma muddin ina jin kukan kwarkwaro daga kicin na san yana tsaye, in shiru ya yi yawa zan sauka da gudu. A kan wannan aka bar min shi. Kai da bakinka ka ce ƙanwarka Su ta san abin da take yi, a bar tsoho da koginsa. Washegari da za ka tafi, sai ka ɗauki kwarkwaron ka juya shi, ka ce mariƙin yana girgiɗi, akwai wani tsoho a Perth da ya ƙware a gyaran irinsu, wata ɗaya ka aiko. Ayah da kansa ya naɗe maka shi a cikin tsohon zanen Mak.

Wata ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama damina guda. Yau mai gyara ya tafi hutu, gobe ana jiran wani ƙarfe daga Ingila. Ayah kuma kullum bayan azahar sai ya zauna a kan matakala da sanda a cinya, yana ɗaura gashin kaza da lalube, ƙudajen ƙarya sun cika gwangwanin biskit ba wanda ya taɓa ruwa. Sai ranar Sallah Kak Zaiton ta saka hotonku a zauren waya na dangi, kowa yana yaba sabon labule. Ni ba labule na gani ba. A bayan kan Luƙman na ga kabad na gilashi, na ja hoton da yatsu ya girma, sai ga kwarkwaron Ayah a kwance a kan jan ƙyalle, tsakanin farantan aurenku, har da 'yar fitila tana haska shi. Haba Abang Long! Ko kunya ba ta sa ka ce a matsa gefe kafin a ɗauka ba?

Da na kira ka ba ka ma yi musu ba. Ka ce ka bincika, ashe abin tsohon aikin hannu ne, masu tara irinsa suna neman sa ido rufe, gadon gida ne, bai kamata a bar shi a hannun wanda zai iya yar da shi a ruwa ba. Ka ce kwarkwaro ai wurin ajiye zare ne kawai, kowanne ma ya yi, in nemi mai sauƙin kuɗi, kada ya wuce ringgit ɗari da hamsin, za ka turo. Ka turo, ban ce ba ka turo ba. Na yi maka maganar ƙara, ka ce Su, kullum ke sai kin mai da ƙaramin abu babba, sa masa waya a aljihu mana. Ka manta waya nawa Ayah ya jiƙa, ka manta cewa a gindin gangaren nan ko layi ɗaya ba a samu.

Na bi Mat Isa zuwa Jerantut, na shiga shagon Tauke Foong mai kayan kamun kifi. Mutumin kirki ne, ya zazzage min duk abin da kuɗinka za su iya saye a kan tebur. Ya tambayi nauyin sandar Ayah, ya ware waɗanda za su rinjaye ta, ya nuna min wani na alminiyom mai birki mai laushi, ya ce wannan ko ƙaton kifin kelah ya kama ba zai ba ka kunya ba, kuma kuɗinsa bai wuce abin da ke hannuna ba. Na ɗauka na juya, shiru. Na kara a kunne, shiru. Na ɗauki na biyu, na uku, duk bebaye. Na ce masa ni mai ƙara nake so. Ya zare tabarau ya dube ni, ya ce Adik ƙanwata, mutane kuɗi suke ƙarawa don a rufe wa abin nan baki, ke kin taho tun daga saman kogi neman mai surutu? Ya ce masu ƙara yanzu iri biyu ne, ko dai tsofaffin na Turawa da kuɗin ɗaya zai sayi babur, ko kuma na roba da ake saya wa masu koyo.

Ya shiga ciki ya kwaso na robar guda huɗu da ƙura a jikinsu. Na ce ya tsaya a ƙofar shago ya riƙa jan zare, ni kuma na tsallaka titi na tsaya a gaban rumfar masu kofi na rufe ido. Ka ga Tauke Foong da tsufansa yana ja yana ɗaga murya wai kin ji? Ni ina girgiza kai, babura suna wucewa a tsakaninmu. Masu kofi suka bar hira suka zuba mana ido, wani ya ce Tauke ya koma sayar da gyare ne, wani ya ce a'a, baiwar Allah ce take gwajin kunne kyauta. Na bar su suka yi dariyarsu. A cikin huɗun, ɗaya ne kawai muryarsa ta tsallako titi, ita ma da ƙyar. Tauke bai ɓoye min komai ba. Ya buɗe shi ya nuna min haƙoran ciki, ya ce roba ce, in babban kifi ya figa da ƙarfi za su iya cijewa, ya ce da mahaifinsa ne na alminiyom zai saya masa. Na san gaskiya ya faɗa. Amma ka gane inda ka ajiye ni: ga mai kyau da ba zan ji shi ba, ga marar kyau da zan ji. In na ɗauki bebe, alkawarin da na yi a gabanku ya rushe, Kak Ngah ta zo da mota. Na ɗauki mai murya.

Ayah ya karɓa ya shafa shi ta ko'ina, ya auna a tafin hannu, ya ce kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Mariƙin yana hagu, shi kuma da dama yake naɗi tun kafin a haife ni, ya zauna da 'yar wuƙarsa ya kwance ya juya shi da lalube. Ya ɗaura a sanda, ya ja zare kusa da kunne, sannan ya ce wannan ai sauro ne, Su. Amma a ranar ya sauka kogi, ya dawo wandonsa jiƙe yana waƙa ƙasa-ƙasa, ya ci shinkafa har da ƙari. Bai tambaye ni nasa ba, ko sau ɗaya, kuma na san ya gane. Abin da ya ce kawai shi ne in gode wa Along, wato kai, da ka tuna da shi. To, ga godiyar na isar.

Daga nan na zama baiwar sauron nan. Na kashe rediyo. Na ajiye injin markaɗe na koma kankare kwakwa da hannu. In mai ya fara ƙara a kasko sai in rage wuta in miƙa wuya ta taga. In iska ta juya ba na jin komai, sai in bar suya in gangara in hango shi tsaye a ruwa zuwa gwiwa, zare yana yawo a sama da kansa, in dawo in tarar kuih ya ƙone. Ban yi ƙorafi ba, don tsohon ya fara ƙiba.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe da iska, feshi yana shiga barandar gaba, sai na ɗauke kejin Mandur na rataye shi ta baya, ɓangaren kogi, bayan zannuwan da na shanya. Ruwa ya ɗauke, Ayah ya yi azahar ya ɗauki sanda. Na ce kogi ya ɗan ƙaru, ya ce shi ya san kogin tun ina cikin Mak. Da farko ina jin sauron sama-sama ta cikin ƙugin ruwa. Can sai na ji ƙir, ƙir, ƙir, sarai, cikakkiya, mai kauri, sannan ƙirrrr mai tsawo. Abang Long, wallahi wani sanyi ya sauka a ƙirjina irin wanda rabona da shi tun Mak tana da rai. Kafaɗuna suka saki. Har na ce a fili, ni kaɗai a kicin, yau ma sakinsa zai yi, bari in ɗauko ƙwai. Na kunna rediyo ƙasa-ƙasa, na ci gaba da kwaɓa gari, ƙarar tana zuwa tana komawa, ina jin daɗina.

Aka kira la'asar a masallaci, ƙarar ba ta tsaya ba. Ka san Ayah, ko kifin yana bakin ƙugiya in ladan ya ɗaga murya yanke zare yake yi. Na ce yau kuma tsohon nan me ya samu haka. Na fita baranda da ludayi a hannu don in ƙwala masa kira, na ɗaga zanen da ke kan igiya, sai ga Mandur a kan sandarsa, wuya a kumbure, baki a buɗe, yana ƙir, ƙir, ƙir. Sai a lokacin kaina ya gaya min abin da kunnena ya ƙi gaya min: muryar da nake ji tun ɗazu ba ta sauron roba ba ce, ta tsohon kwarkwaron ce, shi kuwa yana can bayan teku a cikin kabad ɗinka.

Ban san yadda na sauka gangaren ba. Na same shi a zaune tsakanin duwatsu biyu, ruwa har ƙirji, leɓɓansa sun yi fari, ya ɗaga sandar sama da hannu ɗaya don kada ta karye. Na yi ihu, maƙwabta suka zo, aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa, Mat Isa ya sa shi a kwale-kwale. A hanya, kansa a cinyata, haƙoransa suna haɗuwa, ya ba ni labari kamar na wani ne ba nasa ba. Ya ce sebarau ne babba, ya figi zare, kwarkwaron ya cije kamar yadda Tauke ya faɗa, ya taka gaba don kada zaren ya tsinke, dutsen ya zame. Ya ce ya yi ta murɗa abin don ya yi ƙara in ji, ya ƙi motsi. Ya yi kira, ruwa ya haɗiye muryar. Sai ya ji daga sama, daga gida, kwarkwaronsa na gaske yana kuka, gajere uku dogo ɗaya, daidai yadda hannunsa yake yi. Ya ce da farko har dariya ya yi, ya ce ja'irin tsuntsu, ashe ka iya ka yi shiru duk watannin nan. Daga baya ya gane cewa abin da yake ji ni ma shi nake ji, kuma muddin ina jin sa ba zan sauko ba. Sai ya bar kira, ya yi kalmar shahada, ya zauna jiran la'asar.

Kak Ngah ba ta ce min ai na faɗa ba, da ma ta faɗa da ya fi min sauƙi. Ta zo ta ninke zannuwansa da hulunansa ta zuba a jaka, ba ta ko zauna ba. Daga asibiti kai tsaye aka wuce da shi gidanta a Kuantan, can saman bene, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Likita ya ce zai taka da ƙarfen dogarawa, amma shi da dutsen kogi har abada. Kak Ngah tana ganin laifina ne, ni ina ganin naka, Ayah kuwa ya ce laifin dutse ne. Ta kuma gaya min wai da ta kira ka, bayan ka yi salati ka tambayi jiki, ka ce gara ma da ba da na asalin ya faɗa ruwa ba. Ina roƙon Allah Ya sa ba daidai ta ji ba.

Ya roƙi a kai masa Mandur, aka ce dokar benen ta hana ajiye dabba. To ga abin da muke ciki yanzu. Kullum in ya idar da la'asar sai ya sa jikarsa ta danna masa lambata. Ba ya tambayar kuih, ba ya tambayar kogi ya cika ko ya janye. Gaisuwa ɗaya, sai ya ce Su, sa min shi. In fita baranda in kara waya a jikin keji, in tsaya kamar wawiya ina lallashin tsuntsu da yankan gwanda. Wata rana ya yi, wata rana ya juya min baya ya yi tarin Mak, wata rana ya yi shiru har kuɗin waya su ƙare. In ya yi, ba na jin komai daga can sai numfashin Ayah. In ya gama sai ya ce to, madalla, ya kashe. Ni kuma in zauna a kan matakalar da yake zama in yi kukana in tashi.

Saboda haka ga abin da ya sa na rubuto. Ba kuɗi nake so ba, kada ka turo, na robar yana nan a cije a kan taga, ba wanda zai ƙara sayen wani. Ka buɗe kabad ɗin nan, ka mai da kwarkwaron cikin zanen Mak in ba ka yar ba, ka aika masa Kuantan. Babu ruwa a saman bene, ba inda zai faɗa, gadonka ba zai jiƙe ba, kuma ba daɗewa za ka yi kana jira ya dawo hannunka ba, kai ma ka sani. Ya riƙe abinsa a cinya ya ja da hannunsa. In kuma aikowar ta yi maka nauyi, agogonmu da naku ɗaya ne, la'asar ɗinku ba ta da nisa da tamu. Ka ciro shi, ka kira mahaifinka, ka kara waya ka ja masa zaren da kanka, gajere uku, dogo ɗaya. In ka manta yadda ake yi, kira ni tukuna in sa Mandur ya koya maka.

Ka gaishe min da Kak Zaiton, ka ce mata labulen ya yi kyau. Ka shafa min kan Luƙman, ka ce wa Nadhirah gwaggonta Mak Su tana yi mata addu'ar jarrabawa. Mat Isa yana gaishe ka, Mak Cik Sepiah ta maƙwabta ma ta ce in gaishe ka, da ƙyaurenta aka ɗauko Ayah. Allah Ya ba Ayah lafiya, Ya sa mu gama da shi lafiya. Zan tsaya nan, ladan ya kusa, ban yanka gwandar ba.

Wassalam. Ƙanwarka ta bakin kogi,
Salbiah (Su)